Adakar mahaifina da ɗakin karatun jami'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka. Na san wasiƙar nan ta zarce tsawon da kuka saba bugawa. Ka yi haƙuri da tsoho, wanda ya shekara talatin da biyar yana riƙe da alli ba ya iya gajarta zance.

Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Zariya. A ƙarƙashin gadona akwai wata adaka ta ƙarfe, koriya ce a da, yanzu tsatsa ta rinjayi fentin. Ta mahaifina ce, shi ma abin da ke cikinta gadonsa ya yi daga nasa mahaifin. Gafaka huɗu ce a ciki, sai wasu littattafai warwara da aka matse a tadarishi aka ɗaure da tsirkiyar fata. Yawancinsu littattafan da kowane zaure ya sani ne, su Ahalari da Iziyya da Risala, rubutun hannu. Amma a gefen shafuka kakana ya riƙa yin ƙananan rubuce-rubuce da ajami: ranar da aka haifi wane, shekarar da jirgin ƙasa ya iso, farashin dawa a shekarar yunwar Kakalaba, da sunayen mutum bakwai na unguwarmu da suka rasu cikin mako guda a shekarar marisuwa. Wannan annobar ita ce murar da ta zagaye duniya a 1918. Ni da na koyar da ita a aji daga littafin Turanci, sai da na tsufa na gane cewa sunayen waɗanda ta kashe a layinmu suna kwance a ƙarƙashin katifata.

Ba a buɗe adakar nan ga baƙo, kuma akwai dalili. Kusan shekara arba'in ke nan wani mutum ya yi sallama a zaurenmu, da mota, da takarda mai hatimi, ya ce daga wata jami'a yake, ba ta garin nan ba. Ya zauna a kan buzu, ya sha fura, ya yi ta yaba wa Malam, wato mahaifina. Da zai tafi ya nemi aron littattafai uku, ya ce hotonsu kawai za a ɗauka, mako biyu zai dawo da su. Malam ya ba shi. Ba rasit, ba sa hannu, sai amana. Shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Ɗaya daga cikin ukun waƙar wa'azi ce ta Hausa da kakana ya tsara da kansa, kuma ba mu da wani kwafinta. Har Malam ya koma ga Allah, in aka ambaci ɗan boko da littafi a jimla ɗaya sai ya kau da kai. Ni kuwa ɗan bokon gidan, ni na yi wa baƙon nan iso. Ka ga ke nan abin ya zame mini tabo.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne wata tafiya da na yi a watan jiya. Jikata, wadda nake tsokana da amarya, tana karatun tarihi a wata jami'a mai tafiyar awa uku a mota daga nan. Ta bugo mini waya ta ce, "Angona, ɗakin karatunmu zai baje kolin tsofaffin takardu, kwana uku kacal. In ba ka zo ba na fasa auren." Na ce to, ba na so a ce tsufa ya sa an sake ni. Na shiga mota.

Tun daga bakin ƙofa na fara ganin abin da ya dame ni. Mai gadi ya ce in nuna katin shaida na ɗalibi ko na ma'aikaci. Na ce ba ni da ko ɗaya, baƙo ne ni, baje koli na zo gani. Ya ce shi ba a gaya masa ana barin mutanen gari ba. Ban ga laifinsa ba, umarni yake bi. Sai da yarinyar nan ta hau sama ta sauko da wata ma'aikaciya kafin aka bar ni na wuce. Sanarwar bikin kuwa na gan ta a manne a allo cikin harabar, da Turanci, ƙanana-ƙananan baƙaƙe. Takardun da aka baje kusan duk da Larabci da Hausar ajami da Fulatanci aka rubuta su, daga gidajen mutanen garin suka fito, amma a kwana ukun nan, in ka cire ni, ban ga wani mai rawani ko mai furfura daga cikin gari ba. Ɗalibai ne ke shigowa su ɗauki hoto da waya su fita.

Wannan ma'aikaciyar, Allah ya yi mata albarka, ita ta wanke mini zuciya. Ba ta kai shekarun 'yata ta biyu ba. Ta kai ni wani ɗaki a can ciki inda suke gyaran takardu. An ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta yi tsit, ga zafi, ita kuwa da 'yar fitilarta mai caji da ta sayo da kuɗinta. Ta wanke hannu ta goge, ta ɗauko wata warƙa guda a kan tafin hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ta ɗaga ta a gaban fitilar ta ce, "Baba, duba nan." Na matso da tabarau. A cikin jikin takardar, ba a samanta ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere, babba, matsakaici, ƙarami. Ta ce irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, a yankin birnin Banis, a kawo ta Tarabulus ko Masar, daga nan ayarin raƙuma su ƙetaro da ita Sahara har kasuwannin Kano da Katsina da Borno. Da wannan alama da irin tawadar da salon rubutun suke kimanta shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba. Daren da na dawo gida ban kwanta ba sai da na jawo adaka, na ɗaga shafin Risalar kakana a gaban tocila. Ga su nan, wata uku. Na daɗe zaune a bakin gado.

A nan ne kuma na sha kunya. Ina cikin jin daɗin hira na gaya mata cewa ni ma ina kula da nawa, inda ya yage na liƙe da salatif, shafuka biyu da suka fi lalacewa kuma na kai shagon masu kwamfuta an yi musu leminatin. Sai ta dafe kai. "Baba, leminatin? Inna lillahi." Ta ce zafin injin da robar suna kama takarda su kama tawada, raba su kuma sai an yi da gaske, sau da yawa ma ba ya yiwuwa. Salatif kuwa ɗankonsa ratsa takarda yake yi, bayan 'yan shekaru ya bar jan tabo ya ɗago rubutu. Ta hana ni ƙulle su a leda, domin gumi suke yi a ciki su yi fumfuna. Ta hana ni fesa musu fiya-fiya. Ta ce in ɗaga adakar daga ƙasa in ɗora ta a kan benci nesa da bango saboda gara da laimar damina, in riƙa buɗewa ina kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Shekara da shekaru ina ɓarna ina zaton gyara nake yi. Malam Edita, gidaje nawa ne a Zariya da Kano da Sakkwato da Damagaram ake wannan ɓarnar yau da kyakkyawar niyya? Bayanin da zai hana ta bai fi na minti biyar ba, amma yana kulle a ɗaki ɗaya a bene na biyu, bayan mai gadi.

Kafin in fito ni ma na rama. Wani yaro ɗalibi da ke taya ta aiki ya baje wasu warƙoƙi a tebur, sun hautsine, ba lambar shafi, ya rasa wace ke bin wace. Yana ta juya su yana tsaki. Na ce, "Ɗana, dubi can ƙasa, ɓangaren hagu, kalmar nan da aka rubuta ita kaɗai." Ya duba. Na ce, "Ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Nemo ta." Kafin la'asar ya jera rabin littafin, yana ta murmushi kamar an yi masa bushara. Wannan ba a jami'a na koye shi ba, a zauren Malam na gani ina ɗan shekara tara, lokacin da iska ta watsa masa Iziyya ya sa mu tsince. Duk almajirin da ya yi karatun littattafai a zaure ya san haka. Akwai tsofaffin malamai a cikin gari da za su kalli rubutu su ce maka wannan hannun Barno ne, wancan na Kano ne, su warware maka ajamin da ya gagari mai digiri uku, domin ajami ba shi da ƙa'ida guda, kowane marubuci da yadda yake sa wasalinsa. Waɗannan mutane suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya aika musu goron gayyata.

Kada a ɗauka aikin nan baƙo ne a ƙasarmu. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ba ta daɗe ba ta zama cibiyarsa. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zauna cikinmu har ƙarshen rayuwarsa a 1984, shi ya tsaya kan shirin binciken tarihin Arewa, wanda ya sa aka riƙa bi gari-gari ana neman rubuce-rubucen hannu, ana ɗaukar hotonsu a siririn fim ɗin nan, ana rubuta sunayensu da na masu su. Shi ne kuma ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a harabar gidan da Sardauna ya zauna, kuma har gobe ɗalibai na zuwa can neman takardu. Babban ɗakin karatun jami'ar a Samaru sunan Sa Kashim Ibrahim yake ɗauke da shi, gwamnan Jihar Arewa na zamanin Sardauna. A Sakkwato, marigayi Waziri Junaidu ya buɗe wa masu bincike taskar gidansu. A wurinsa Murray Last, Bature mai binciken tarihi, ya zauna ya karanta wasiƙun waziran Daular Usmaniyya, a wurinsa kuma Jean Boyd, Baturiya mai bincike, ta sami da yawa daga waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, waɗanda yau ake karantar da su har a jami'o'in Amurka. A Yamai, dubban littattafan Larabci da ajami da ke cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni tushensu tarin da marubucin Nijar Boubou Hama ya fara ne. Duk inda ka duba a cikin waɗannan, za ka tarar wani mai gida ne ya yarda da wani baƙo, baƙon kuma ya tako da ƙafarsa har zaure, ya cire takalmi, ya zauna ya yi magana da harshen da mai gida ke ji. Abin da ya yi ƙaranci yanzu ke nan. Jami'o'i sun ninka, gine-ginen ɗakunan karatu da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sun tashi ko'ina, da gilasai da tayil, amma tsakanin ƙofar jami'a da ƙofar zaure ciyawa ta rufe hanya.

Da na kawo maganar a gida, yayana, wanda shi ne babbanmu yanzu, ya ce sam. Ya tuna mini da mai motar nan. Ya ƙara da cewa, "Kai da kake ganin can ne tudun mun tsira, ita jami'ar ba ta cin wuta ne?" Ban iya musa masa ba. A watan Oktoba na 2016 gobara ta cinye ɗakin karatun Jami'ar Jos. A watan Afrilu na 2021 wutar daji ta gangaro daga dutse ta kama ɗakin karatun Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, ta ƙone ɓangaren da aka tara kayan nazarin Afirka, kuma su ba za a ce musu ba su da kuɗi ko na'ura ba. A Tambutu, cikin Janairun 2013, 'yan bindiga sun hallaka littattafai wajen dubu huɗu a Cibiyar Ahmed Baba, mafi yawan waɗanda suka tsira kuwa iyalai ne da ma'aikata suka fitar da su a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Na ce masa, "Yaya, gaskiyarka. Amma ka tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Wa ya tsaya ɗaukar gafaka ruwa na iya wuya?" Gida ba tabbas, jami'a ba tabbas. Abin da ke wuri ɗaya tak shi ne ke cikin haɗari. Waƙar kakanmu da tana da kwafi biyu da yanzu ba ma jimaminta.

Shi ya sa abin da nake nema daga masu riƙe da ɗakunan karatu na jami'o'inmu ba wai su zo su kwashe ba ne. Zamanin da sai an ɗauke littafi an kai wani gari kafin a yi masa hoto ya wuce. Kyamara da ɗan tebur da fitila sun isa, a cikin jaka ɗaya za su shiga. A zo zaure, a ɗauki hoton a gaban mai shi, a bar masa kayansa, a ba shi kwafin hoton a wayarsa ko a buga masa a takarda, a rubuta sunan gidan a rajista domin duk wanda ya amfana ya san inda abin ya fito. In kuwa mai gida da kansa ya ga ya fi son a ajiye masa a jami'a, to a rubuta yarjejeniya da Hausa, ba da Turancin lauyoyi ba, a lissafa warƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, shugaban ɗakin karatu ya sa hannu, mai unguwa ya shaida, kuma jikokinsa su sami damar shiga su ga kayan kakansu ba tare da mai gadi ya tambaye su katin ɗalibi ba. Akwai kuma abin da ba kowa zai so a baza ba, kamar takardun gado da na rikicin gona da laƙanin gida. A tambaya tukuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma gidaje irin namu da aka sara suna da yawa.

Saura kai, Malam Edita, don ba zan ƙyale ka ba. Kullum jaridu na kawo mana labarin jami'a in an tafi yajin aiki, ko an ƙara kuɗin makaranta, ko ana rigimar naɗa shugaba. Ban taɓa buɗe jaridar Hausa na ga an ce ga abin da ɗakin karatu kaza ya samo a bana, ko ga ranar da zai buɗe wa jama'a ƙofa ba. Da jikata ba ta yi mini barazanar saki ba, da ban san an yi baje kolin nan ba. Me zai hana ku ware rabin shafi ko sau ɗaya a wata? Wakilinku ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan ma'ajiyoyi, ya ɗauko hoton warƙa guda, wasiƙar wani sarki ko lissafin wani fatake ko waƙar wata modibbo, ku buga ta yadda take, ku sa fassararta da boko a gefe. Na yi imani za ku sha mamakin wasiƙun da za su biyo baya, wani ya ce wannan hannun kakana ne, wani ya ce baitin nan ba haka yake ba, ga cikonsa a wurinmu. Ku kuma ba irin malamar nan fili ta faɗa wa mutane maganar salatif da leda.

Akwai wani abin da na gani can da ya shafe ku kai tsaye. A wata kanta an jera tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, an ɗinke su shekara-shekara. Jaridar nan a garinmu aka haife ta a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma da ita iyayenmu da yawa suka koyi karatun boko. Na sa hannu zan buɗe, malamar ta ce in bi a hankali. Gefen shafin ya yi ja, yana karyewa kamar busasshen ganyen kuka. Abin mamaki, Risalar kakana da ta girme ta nesa ba kusa ba ta fi ta ƙwari, domin takardar da ta zo a bayan raƙumi da tsumma aka yi ta, ta jarida kuwa da niƙaƙƙen itace, takarda ce mai arha wadda ke cin kanta da kanta. To ku ina kuke ajiye naku? Kada ka ce mini suna intanet. Na ga shafukan jaridu da aka rufe, komai nasu ya bi iska. Kuna aika kwafin kowane bugu zuwa wani ɗakin karatu na jami'a, ko a'a? In ba ku yi, ku fara da na wannan makon.

A ƙasan kantar kuma akwai kwali cike da kasakasai, hirarrakin da ɗalibai suka yi da tsofaffi shekarun baya don rubuta kundin digiri, an rubuta sunan ƙauye a jikin kowane da biro. Ba su da rediyon da za su saurara. Ni ina da tawa mai kaset biyu, tana aiki sarai, na riga na ce wa jikata ta tafi musu da ita.

Yaya dai ya sauko, da sharaɗi. In an yi hutu yarinyar za ta zo da malamar tasu da kyamara, a zauna a zaurenmu, shi yana kan buzunsa yana kallo, ko warƙa ɗaya ba za ta ƙetare dokin ƙofa ba. Na sayi benci na ɗora adakar.

In kuma Allah ya sa mutumin nan mai mota yana raye yana karanta wannan, ko 'ya'yansa sun tarar da wasu takardu a kayansa ba su san daga ina suke ba, ga alamar waƙar kakana: warƙa goma sha ɗaya ce, baƙar tawada da jan wasali, kusurwar warƙar farko ta sama ta ɗan ƙone inda fitilar a-ci-bal-bal ta taɓa lasa. A kawo ofishin jaridar nan a ba Edita. Ba za mu tambayi suna ba, ko hotonta aka aiko mun karɓa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Birnin Zariya.